Tambaya da Amsa: Yarona ya tsinto 'yan kwikwiyo uwarsu ta mutu, ya zan yi da su?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Ni matar aure ce a Zariya. Shekaranjiya yarona ɗan shekara 9 ya shigo min da 'yan kwikwiyo guda biyu a cikin rigarsa, wai a kangon bayan layinmu ya same su, uwarsu mota ta take ta a titi. Idonsu bai daɗe da buɗewa ba, ko tafiya ba sa iyawa sai jan ciki. Na dama musu madarar gari ta shayi da ɗan sikari ina ba su da cokali, amma tun jiya zawo suke yi, ga kuka duk dare, ga sanyin nan da ake yi. Maigidan ya ce a bar su tunda dama muna neman karen gadi, ita kuma Hajiya mahaifiyarsa ta ce a mayar da su inda aka ɗauko su kafin su jawo mana ciwon haukan kare. Ni dai tausayinsu nake ji amma ina tsoro saboda yarana. Don Allah a ba ni shawara.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya saka muku da alheri ke da yaron nan. Yadda kika kwatanta su, ido ya buɗe amma ba sa miƙewa, to ba su wuce sati biyu da 'yan kwanaki ba, don kwikwiyo yana buɗe ido ne tsakanin kwana 10 zuwa 14 da haihuwa. Za su iya rayuwa a hannunki in sha Allahu, amma sati biyu masu zuwa akwai aiki, gara in faɗa miki tun yanzu.

Ki fara da ɗumi kafin abinci. Kwikwiyon da bai kai sati 3 zuwa 4 ba jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi da kansa, a jikin uwarsa yake samu, to uwa babu, ga hunturun Zariya da asuba, wannan kukan na dare rabinsa na sanyi ne. Ki samu kwali ki shimfiɗa tsummokara masu kauri, ki cika robar ruwa da ruwan ɗumi ki rufe ta gam ki naɗe da tawul ki ajiye a gefe ɗaya na kwalin, gefe ɗaya kawai, don in zafi ya yi musu yawa su ja jiki su matsa. In ruwan ya huce a sake. Kar ki ajiye musu kaskon gawayi a ɗaki a rufe, hayaƙinsa illa ne gare su da ku kanku. Kuma kafin kowace ciyarwa ki taɓa cikinsu da tafin ƙafarsu, in kika ji sanyi ƙarara kar ki ba da madara tukuna, ki ɗumama shi a hankali wajen awa ɗaya, saboda hanjin kwikwiyon da ya yi sanyi ba ya narkar da abinci, madarar zama take yi a ciki ta lalace cikin ya kumbura.

Sai madara. Nonon karya ya ninka na saniya wajen maiƙo da sinadarin gina jiki, amma sikarin cikinsa bai kai na nonon saniya ba, kinga kenan madarar shayi ta gaza ta wajen ƙarfi, ta kuma yi yawa ta wajen zaƙi, ga sikarin da aka ƙara, shi ne ya kawo zawon. Abin da ya fi shi ne madarar gwangwani da aka yi musamman don 'yan kwikwiyo, ana samu a shagunan magungunan dabbobi na manyan garuruwa, sai dai da tsada. In ba ta samu ba ki haɗa da kanki: kofi ɗaya, wato mil 240, na madarar saniya ko ta akuya sabuwar tatsa wadda kika tafasa ta huce, kwanduwar ƙwai guda 3 banda farin, da babban cokali ɗaya na man gyada, ki kaɗa sosai. Ba kindirmo ba, kuma ba a sa sikari. Ki ajiye a firij in akwai wuta, in babu ki riƙa haɗa kaɗan kaɗan, wadda ta kwana a waje a zubar. Duk sanda za ki ba su ki ɗumama ta ki ɗiga a bayan hannunki ki ji ba ta ƙuna.

Yawan da za su sha ya danganta da nauyi, kamar mil 15 zuwa 20 ne a kan kowane giram 100 a cikin awa 24. Misali mai rabin kilo zai sha wajen mil 90, a raba gida 6, duk bayan awa 4 ya sha mil 15 kenan har da dare, wato cikin sirinjin mil 5 sau uku. Yanzu da suke zawo ki sirka madarar da dafaffen ruwa rabi da rabi na yini ɗaya, a tsakani ki ɗiɗɗiga musu ruwan ORS irin na yara.

Cokalin nan don Allah ki ajiye shi. Ki sayi sirinji a kemis ki cire allurar, ko ƙaramar fida mai ƙaramin rami. Ki kwantar da kwikwiyon rub da ciki a kan cinyarki, kansa a ɗan ɗage, ki sa bakin sirinjin ta gefen baki kina matsawa ɗigo ɗigo yana haɗiya. Kar ki taɓa juya shi rigingine kamar jinjirin mutum, madarar huhu take wucewa, kuma kwikwiyon da ya shaƙi madara da wuya ake ceto shi. In kika ga madara na fitowa ta hanci ki tsaya nan take, kin yi sauri.

Akwai wani abu kuma da mutane da yawa ba su sani ba, kwikwiyo ƙarami haka ba ya iya fitsari da kashi da kansa, uwar ce ke lasar ƙasan cikinsa sannan ya yi. To bayan kowace ciyarwa ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki riƙa shafa masa mara da ƙarƙashin wutsiya a hankali har ya yi, sannan ki goge shi ya bushe. In sun kai sati 3 za su fara yi da kansu. Wanka kuwa a bar shi tukuna.

Tsutsar ciki ki ɗauka kawai suna da ita, don karyar da ke yawo a gari tana ba 'ya'yanta tsutsa tun suna cikin mahaifa da kuma ta nono. Wata irin jini take sha a hanji har dasashin kwikwiyo ya koma fari fat, wata kuma ƙwanta na fita a kashi ya zauna a ƙasar tsakar gida, yaro mai rarrafe ya sa hannu a baki ya ɗauka. Ana fara ba da maganin tun sati 2, a maimaita duk bayan sati biyu har sati 12, daga nan wata wata har wata 6. Akwai na ruwa mai suna firantel da ya dace da ƙanana, amma bisa nauyi ake aunawa, ki kai su a auna. Kina da sa'a ma, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru kusa da ke. Kashinsu a riƙa kwashewa kullum ana binnewa, yara su wanke hannu da sabulu duk sanda suka taɓa su.

Tunda a kango aka same su ki duba fatarsu da kyau. In kika ga ƙurji mai ɗan rami a tsakiya, wani lokacin har abu na motsi a ciki, wannan tsutsar wani ƙuda ce da ke saka ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa. Ki toshe ramin da bazilin, bayan ɗan lokaci za ta leƙo neman iska, sai ki matse gefe da gefe ta fito gaba ɗayanta, ki wanke wurin. Kaska kuma a cire da hannu ko ɗan hantsaki, a kama ta daf da fata. Abin da nake roƙonki da babbar murya, kar wanda ya ce miki a shafa musu Sniper ko kalanzir ko baƙin mai, guba ce, ta fata take shiga jini. Haka farasitamol da ibufurofen na mutane, ba a ba kare.

Daga sati 3 zuwa 4 haƙora za su fara fitowa, sai ki fara zuba musu koko marar yaji da sikari a faranti marar zurfi, a dama da madarar nan, a hankali ki riƙa ƙara dafaffen ƙwai, dakakken busasshen kifi da aka tsince ƙayarsa, da dafaffen nama. Zuwa sati 6 ko 8 sun bar sirinji. Tuwo da ƙanzo kaɗai ba sa gina kwikwiyo, shi ya sa ake ganin wasu ƙafafu a lanƙwashe. Miyar da ta sha albasa da tafarnuwa tana lalata musu jini, cakuleti da goro su ma guba ne gare su, ƙashin kaza dafaffe kuma tsagewa yake yi ya huda hanji.

To yanzu maganar Hajiya. Tsoronta yana kan hanya, kar ki raina shi ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗauka, kuma wajen kashi 40 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Amma ba kowane kare ke ɗauke da shi ba, ƙwayar cuta ce da ke shiga ta yawun dabbar da ta kamu, kuma yana da rigakafi. Mayar da su kango mutuwa ce kawai gare su, in ma wani ya rayu to ya zama karen titi marar allura a unguwar da yaranki ke wasa. Wanda ke gidanki da katin allurarsa shi ne wanda kika san lafiyarsa.

Sai dai tunda ba mu san tarihin uwar ba sai an yi taka tsantsan. Ki tambayi maƙwabta ko kafin motar ta buge ta an ga tana dalalar da yawu, ko cizon abin da ta gani, ko tafiya tana tangaɗi, in an ga haka ki gaya wa likitan dabbobi a ranar. Kar a bari su lashi bakin yaro ko idonsa ko inda yake da ciwo. In haƙora sun fito ɗaya ya ciji wani ko ya yakushe shi har fata ta buɗe, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cif, a duba agogo, sannan a tafi asibiti a ranar a fara allura, ana yinta ranar farko, rana ta 3, ta 7, da ta ƙarshe tsakanin rana ta 14 da ta 28. Ƙona gashin karen a shafa a ciwo da wasu ke yi ba ya kashe ƙwayar cutar, lokaci kawai yake ci. Shi kuma karen a killace shi kwana 10 ana lura da shi, in ya mutu a ciki kar a jefar a bola, ana kai kansa gwaji, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato na wannan aikin. Kuma duk karen da aka ga bakinsa a sake yana zubar da yawu kamar ƙashi ya maƙale masa, kar kowa ya sa hannu a bakin.

Allurar haukan kare ana yi musu ita da sun cika wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo ta duniya, a lokacin wasu asibitocin gwamnati kan yi ta kyauta ko da rangwame, ki riƙa sa kunne. Kafin ita akwai wadda za ki ga an rubuta DHLPP a kati, ana farawa sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har su kai sati 16. Ita ce ke kare su daga ciwon fabo, mai sa amai da zawon jini mai wani irin ƙarni, yana iya kashe kwikwiyo cikin kwana biyu uku, kuma ƙwayarsa na zama a ƙasa watanni. Don haka naki kar su fita waje ko su haɗu da wasu karnuka sai allura ta cika.

Ta ɓangaren addini hukuncin yawunsa da inda ya kamata ya zauna a gida ki tambayi malamai, su ne masu fannin. Abin da kowa ya sani dai an yi rangwame a kan karen gadi da na kiwo da na farauta, kuma hadisi ya inganta na mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi Allah ya gafarta masa. Ki yi musu wurinsu daban a tsakar gida mai inuwa, da kwanukansu daban.

Shi kuma maigida a gaya masa, yanke kunne da ba kare barkono da ɗaure shi da sarƙa yini guda a rana wai don ya yi faɗa, wallahi wannan abu yana ƙona min rai, azaba ce, kuma karen da aka rena haka shi ne ke juyowa ya ciji yaran gida. Kare yana gadin gidan da ya saba da mutanensa ne, haushin baƙo kuwa da kansa zai fara in ya tasa. Daga sati 3 zuwa 12 ne yake koyon sabo, a riƙa ɗaukarsa ana shafa shi ana kiran sunansa, babba na wurin in yara na wasa da shi. In mace da namiji ne ki yi wa likita maganar fiɗiya da sun doshi wata 6, in ba haka ba kafin shekara ta zagayo kina iya ganin wasu 'yan kwikwiyon.

A kwanakin nan kuma, in ɗaya ya ƙi shan madara sau biyu a jere, ko zawon ya wuce awa 24 bayan kin canja madarar, ko kika ga jini a ciki, ko dasashi ya yi fari, ko jikinsa ya saki ya daina kukan ma, ki shafa masa ɗan ruwan sikari a dasashi da auduga, ki naɗe shi da robar ruwan ɗuminsa ki wuce asibitin dabbobi a lokacin, kar ki jira gari ya waye. In kin je ki tafi da duka biyun a auna su tare.