An ce in rubuta laifukana amma biro ya ƙi tafiya

Salam Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Ni matar aure ce da yara biyu, na daɗe ina shan kodin da roci amma yanzu Alhamdulillah na daina, ina zuwa asibiti. To mai ba mu shawara a can ta ce in sayi littafi in rubuta duk abin da na aikata lokacin shaye-shaye, da mutanen da nake jin haushinsu da abin da nake tsoro, wai shi ne mataki na huɗu. Wallahi Anti duk sanda na ɗauki biro sai ɗan kunnen gwal ɗin Hajiyarmu ya faɗo min a rai, ni na sayar amma 'yar aiki aka kora, sai kuka, sai in ji ba abin da nake so irin in shanye kwalba ɗaya in yi barci. Kuma ƙawata ta ce haramun ne ka tona abin da Allah ya rufa maka. Ga tsoron kar maigida ya gani. Ya zan yi?

Ƙanwarki daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, barin kodin ba wasa ba ne.

Wannan rubutun daga tsarin matakai 12 ya fito, na ƙungiyar Alcoholics Anonymous wadda wasu mashaya giya biyu, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, suka kafa a Amurka a 1935, daga baya masu fama da ƙwaya ma suka ɗauka. A wajenmu kuwa ai muhasaba ce, yi wa kai hisabi. Abin da malamai ke hanawa shi ne mutum ya dinga shelar zunubinsa, ke kuwa gyara kike nema, in zuciyarki ba ta kwanta ba ki tambayi malamar da kika yarda da ita.

Inda kika wahalar da kanki shi ne farawa da abu mafi nauyi. Su masu wannan tsarin da haushi suke farawa, don shi ke yawan mayar da mutum ruwa. Ki ja layi ki raba shafin gida huɗu, wa nake jin haushi, me ya yi min, me abin ya taɓa a rayuwata (mutunci ne, kuɗi ko aure), sai na ƙarshe, ni mene ne nawa a ciki. Wannan gida na huɗun ki bar shi sai kin cika sauran, kuma in zaluntarki aka yi kina yarinya to ba ki da kaso, kar ki ƙaƙaba wa kanki. Ki riƙa yin kamar minti 15 da rana, ba tsakar dare ke kaɗai ba, kuma alherin da kika yi ma ki sa, shi ma naki ne.

Maganar ɗan kunne layi ɗaya ya isa yanzu. Ba zan yaudare ki ba, 'yar aikin nan tana da haƙƙi a kanki kuma sai an wanke ta, amma neman yafiya mataki na 8 da na 9 ne, da shawara ake yinsa. Littafin kuma ki sa harafin farko maimakon suna, ko ki bar shi wajen mai ba ku shawarar, kar dai ki rubuta a waya.

Sha'awar kwalbar nan ita ta fi damuna, ki faɗa wa likitanki a satin nan. Jikin da ya daina sha ba ya iya ɗaukar adadin da ya saba a da, balle a haɗa da roci, numfashi yake tsayarwa.