Na'urar caji taka ce, amma wa ke karɓar kuɗin kiredit ɗinta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kanti a jihar Kalifoniya ta Amurka, na kafa na'urori biyu na cajin mota mai lantarki a gabansa. An ce mini akwai shirin da ake biyan masu irin wannan na'ura har dala 200 kan kowane kiredit, amma shekara ta zagayo ban ga ko sisi ba. Ɗan yayana ne ya yi duk takardu da kamfanin da ya kafa su. Yanzu ina so in ci bashi in ƙara guda takwas. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ajiye maganar bashi tukuna. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ka zuba dukiyarka, ka bar wa yaro takardu, har yau ba ka karanta abin da aka sa wa hannu da sunanka ba.

Shirin gaskiya ne, sunansa LCFS, wato ƙa'idar rage hayaƙin kabon daga man ababen hawa, hukumar kula da tsabtar iska ta jihar, CARB, ke tafiyar da shi tun 2011. Kiredit ɗaya na nufin an rage tan ɗaya na hayaƙin kabon, kuma masu saye su ne matatun mai da masu shigo da fetur da dizal. A wurin kasuwanci irin naka, mai na'ura ne ke da haƙƙin kiredit, sai dai in ya miƙa wa wani a rubuce. To nan gizo ke saƙar. Kamfanonin caji da yawa sukan saka wannan sharaɗi cikin yarjejeniya, musamman in sun yi rangwame wajen kafawa. Na taɓa duba takardun wani mai gidan abinci da ya yi ta jiran kuɗi yana zargin akawunsa, ashe tun ranar farko ƙaninsa ya sa hannu ya sallama wa kamfani komai na tsawon shekaru. Ƙanin bai ci ko kwabo ba, bai karanta ba ne kawai, kuma har zumunci ya taɓu.

Ban ce ɗanka ya cuce ka ba. Amma ka kira shi yau ya kawo yarjejeniyar, da lambobin shiga asusun na'urorin. Ka duba sunan wa aka yi musu rajista a wurin CARB, in ma an yi. In ba a yi ba, na shekarar nan ya tafi, domin rahoto ake bayarwa duk wata uku da adadin wutar da mita ta nuna, kuma zangon da wa'adinsa ya wuce ba a waiwayarsa.

Dala 200 ɗin nan kuwa tsohon zance ne, farashin wajen 2020. Daga baya kiredit ya cika kasuwa, ya faɗo zuwa wajen dala 50 ko 60 a 2024. Ka lissafa sai ka sayar da wuta sama da kilowat-awa 1,000, wato yunit 1,000 a mita, kafin ka samu kiredit ɗaya. In na'urorinka biyu na sayar da 2,000 a wata, ko dala 100 ka samu ka gode Allah, kuma dillalin da zai haɗa naka da na wasu ya sayar zai cire lada. Da wannan za ka biya bashin na'ura takwas? Masu yaɗa maganar arzikin dare ɗaya ba su ne banki zai nema ba, kai ne.

Ni dai ban yarda ka ƙara ko ɗaya ba sai ka zauna da lissafin wata goma sha biyu: wutar da aka sha, abin da direbobi suka biya, da abin da kamfanin lantarki ya caje ka. In kuɗin caji kaɗai na riƙe na'urorin, ka ƙara biyu da kuɗin hannunka, kuma wannan karon kai za ka karanta sharaɗin kiredit kafin alƙalami ya taɓa takarda.