Amsa ga ƙaninmu da aka yi wa kiran barazana a Gusau

Ƙanina, sau uku na karanta tambayarka kafin na iya amsawa. Ka ce ka yi rahoto kan harajin da 'yan bindiga suka ɗora wa wani ƙauye kafin su bari a yi girbi, bayan kwana biyu baƙuwar lamba ta kira ka aka ce "mun san gidanku", yanzu kana tambaya ko ka ajiye aikin. Wallahi jikina ya yi sanyi, don ni ma ta wannan hanyar na bi.

Nawa kiran bayan sallar isha'i ya zo, uwargida ta ajiye min tuwo ke nan. Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya yi sallama, ya gaishe ni da aiki, ya tambayi iyali, sannan ya faɗi launin hijabin da 'yata ta sa zuwa Islamiyya ran nan da lokacin da take dawowa. Ya kashe waya. Hannuna na cikin kwano na kasa kai loma baki. Daren nan a zaure na kwana zaune, duk babur ɗin da ya wuce sai gabana ya faɗi.

Amma abin da ya fi ci min rai har yau shi ne washegari. Na shiga ofishin ogana, mutumin da da bakinsa ya ce in je in ɗauko muryoyin manoman, ya saurara, ya ce a sa. Ina ba shi labari yana latsa waya, ko ɗago kai bai yi ba. Da na gama ya ce, "To wa ya aike ka?" Ni da na yi masu shekara 6 ina cin ƙurar hanyar Maru da kuɗin mai daga aljihuna! Ya ce ai ni ba cikakken ma'aikaci ba ne, ba ni da takardar ɗaukar aiki, in wani abu ya faru kada in ambaci sunan gidan. Ko "Allah Ya tsare" bai ce ba. Kuma duk ranar 3 ga Mayu shi ne a sahun gaba da babbar riga yana jawabi kan 'yancin 'yan jarida. Na yafe wa mutane da yawa, shi kam har yanzu ina roƙon Allah Ya ba ni ikon yafe masa.

Don haka kafin komai, kana da takarda? In ba ka da ita, ka sani kai kaɗai ne a dajin nan. Ka je NUJ, ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa, gobe ka sanar da su a rubuce, ka ajiye lambar da ta kira ka da lokacin, ka ba mutum biyu da ka yarda da su. Kada ka yi shiru don kunya. Kuma ka daina bin hanya ɗaya kullum.

Kada wani ya ce maka barazana ce kawai. Zakariyya Isa na NTA a Maiduguri aka harbe shi a 2011. Enenche Akogwu na Channels a bakin aiki aka kashe shi a Kano ranar 20 ga Janairun 2012. Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, tun 1986 aka aika masa bam a cikin ambulan, har yau ba wanda aka hukunta. Mu nan ma ba mu manta da Hamisu Danjibga na Muryar Najeriya ba, da yadda aka tsinci gawarsa a 2023, Allah Ya jiƙansa. Ga daji ga gari: a Oktoban 2022 muna gani aka rufe gidajen rediyo da talabijin a nan Gusau saboda sun ɗauki taron siyasa.

Wani kuskure na yi da nake so ka guje masa. Na sakaya sunan dattijon da ya yi min magana, amma na bar muryarsa yadda take. Infoma, masu kai wa 'yan bindiga tsegumi, suka gane shi, ya bar gonarsa da dawa ta nuna ya gudo Gusau da iyalinsa. Na gan shi daga baya a bakin tasha, na rasa da wane ido zan kalle shi, shi ne ma ya fara miƙo min hannu. Ka sauya murya, ko ka karanta maganar da bakinka. Labari mai zafi kuma ka raba wa abokan aiki ya fita a gidaje uku ko huɗu rana ɗaya, kada ya zama sunanka kaɗai ke kai.

Ajiye aiki ko ci gaba, ba zan yanke maka ba. Ni na kai iyalina wurin surukaina wata biyu, sannan na dawo. Ka ce kana tare da Hajiya a gida ɗaya. Ka gaya mata yau, ko da za ta yi kuka. Turo min lambarka ta saƙon sirri, zan kira ka bayan magariba.