Ɗana na koyon tiyatar ƙashi, ina jin tsoron annoba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ya shiga horon ƙwarewa a fannin tiyatar ƙashi bara. Har yau ban manta da lokacin korona ba, yadda muka riƙa jin labarin likitoci sun kamu. Kullum a gajiye yake dawowa, wani lokaci sai in kwana biyu ban sa shi a ido ba, ga mahaifinsa yana fama da ciwon suga. Shin masu koyon wannan aiki sun fi sauran likitoci shiga haɗari idan annoba ta ɓarke? Me ya kamata ya yi? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi masa albarka, ya ba shi sa'ar abin da ya sa a gaba. Haɗarin yana nan, ba zan ɓoye miki ba, sai dai ba a inda yawancin mutane ke zato yake ba.

Kowa ɗakin tiyata yake hange, kuma da dalili. Aikinmu da injin huda ƙashi da zarto mai lantarki ake yinsa, suna fesa jini da ɓarɓashin ƙashi a iska, sannan lokacin da ake zura wa mara lafiya bututun numfashi a maƙogwaro ƙwayoyin cutar huhu kan fito da yawa. Amma a ɗakin tiyata kowa a shirye yake: takunkumi, safar hannu, riga, tabarau. Wani bincike da aka yi a birnin Wuhan na ƙasar Sin a farkon 2020 ya gano likitocin ƙashi 26 da suka kamu da korona a asibitoci takwas. Da aka tambaye su inda suke zaton sun ɗauka, kusan takwas cikin goma suka ce a ɗakunan kwanciyar marasa lafiya, kaɗan ne suka ambaci ɗakin tiyata. Binciken ya kuma nuna cewa matsananciyar gajiya da rashin sa takunkumin N95, wato mai tace ƙananan ƙwayoyin cuta daga iska, suna ƙara haɗarin, wasu kuma sun kai wa iyalansu cutar.

To wa ke wuni a ɗakin kwanciya? Ƙaramin likita irin ɗanki. Shi ke tarar wanda aka kwaso daga hatsarin babur ko adaidaita sahu da tsakar dare, kafin a san ko yana tari ko yana zazzaɓi. Shi ke sunkuyawa dab da fuskar mutum yana sa masa filastar ɗaure karaya, shi ke zagayen duba marasa lafiya da safe, shi ke wanke rauni, ga 'yan dubiya cike da ɗaki. Karaya ba ta jiran annoba ta wuce. Ko a 2020, bayan da aka samu mutum na farko mai korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu, Kano kuma a watan Afrilu, asibitoci sun ɗage tiyatar da za ta iya jira, amma ta gaggawa ba ta tsaya ba.

Akwai wurin da ya fi ba ni tsoro ma, wato ɗakin hutun likitoci. A nan ake cire takunkumi, a ci abinci kwano ɗaya, mutum huɗu ko biyar su kwanta a ƙaramin ɗaki taga a rufe. Mutum yana kiyaye kansa daga mara lafiya, ya saki jiki da abokin aikinsa, alhali korona kan yaɗu tun kafin mai ita ya fara jin alama.

Batun gajiyar da kika ambata kada ki raina shi. Wanda ya kwana bai runtsa ba shi ke manta wanke hannu, shi ke cire safa ta hanyar da ba daidai ba, shi allura ke soka. Kuma a al'adar aikinmu ƙaramin likita yana jin nauyin ce wa babbansa ba shi da lafiya, yana gudun a ce rago ne, sai ya sha farasitamol ya shigo aiki da zazzaɓi. Wannan ɗabi'a laifinta a wuyanmu yake, mu manya, domin mu ne ya kamata mu ce masa ya je ya yi gwaji ya huta. Ki gaya masa daga bakina: ranar da ya ji zazzaɓi lokacin annoba, sanar da babbansa shi ne aikinsa, ba juriya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa kan korona a watan Mayun 2023, amma abin da ke bin likitan ƙashi kullum yana cikin jini. Tsinin karyayyen ƙashi da wayoyin da muke ɗaure shi da su kan huda safar hannu ba tare da mutum ya ji ba. Idan allurar da ta taɓa jinin mai ƙanjamau ta soki mutum, yiwuwar kamuwa wajen uku ne cikin dubu. Na ciwon hanta nau'in B kuwa, ga wanda bai yi riga-kafi ba, yana iya kaiwa talatin cikin ɗari. Don haka tambaya ta farko da za ki yi masa ita ce ko ya kammala allurar riga-kafin ciwon hanta. Uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida, sannan ya yi gwajin jini ya tabbatar ta kama. Ya riƙa sa safa biyu a kowace tiyata. Idan wani abu ya soke shi ya wanke da ruwa da sabulu, ya kai rahoto nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, ana sha kwana 28, kuma gara a fara a awannin farko. Ga zazzaɓin Lassa da ke tasowa duk rani, wanda ya sha cin ran ma'aikatan lafiya a ƙasar nan. Duk mara lafiyar da zazzaɓinsa ya ƙi jin maganin maleriya, a taɓa shi da cikakkiyar kariya.

Game da Alhaji mahaifinsa, mai ciwon suga yana cikin waɗanda korona ta fi yi wa illa. Idan annoba ta sake zuwa, ɗanki ya bar kayan aikinsa a asibiti, ya yi wanka kafin ya shiga gaishe ku, gaisuwar kuma a yi ta a tsakar gida inda iska ke kaɗawa. In ya yi mu'amala da wanda aka tabbatar yana da cutar, ya ware ɗakinsa da kwanonsa har kwanakin da hukumar lafiya ta tsayar su cika. Shi ma Alhaji ya karɓi riga-kafin da likitansa ya ba shi shawara, ya kuma kula da awon sugansa.

Ke kuma Hajiya, idan ya dawo daga aikin kwana, a ajiye masa abinci, a hana yara tashinsa, aiken gida da zuwa gaisuwar biki su jira sai ya farka.