Tambaya da Amsa: Karatun Kasuwanci a Kwalejin Faffaɗan Ilimi

Tambaya: 'Yata ta samu gurbi a wata ƙaramar kwaleji a Amurka, irin wadda ake sa ɗalibi ya taɓa tarihi da falsafa da kimiyya kafin ya tsaya kan fanni ɗaya. Ita kuwa kasuwanci da gudanarwa take so. Anya ba ɓata lokaci ba ne? Daga wata mahaifiya.

Amsa: Hajiya, Allah Ya yi wa karatunta albarka. Kafin komai ta buɗe kundin kwasa-kwasan kwalejin ta duba ko akwai digirin kasuwanci ma tukuna. Kwalejoji irin su Williams da Amherst da Swarthmore, duk da sunan da suka yi, ba sa bayar da shi. Mai son harkar kan karanta tattalin arziki ne. Jami'ar Richmond da Bucknell da Washington and Lee kuwa suna da sashen kasuwanci a tsaye.

Digirin shekara huɗu ne, kiredit (ma'aunin nauyin darussan da ɗalibi ya ci) 120 a yawancin wurare, wasu kuma suna lissafi da kwas 32. Fannin da ta zaɓa zai ci kusan kashi ɗaya bisa uku, sauran kuma darussan dole ne da na zaɓi. Mu a ganinmu ba asara ba ce. Tun 1959 rahotanni biyu da gidauniyar Ford da ta Carnegie suka ɗauki nauyi suka soki makarantun kasuwanci na Amurka kan cewa sun ƙuntata ilimin ɗalibai, suka nemi a faɗaɗa shi. Manaja da rubutu da magana yake aiki yini guda, kuma ajin mutum goma sha biyar da malami ke gyara rubutun ɗalibi layi-layi ya fi koyar da wannan.

Inda ake tuntuɓe shi ne jerin kwasa-kwasan. Ba a bayyana fanni sai wajen ƙarshen shekara ta biyu, sai ɗalibi ya saki jiki. Alhali darussan kasuwanci kamar tsani suke: sai an ci kwas ɗin akanta na farko ake shiga na biyu, shi ne kuma ƙofar kwas ɗin sarrafa kuɗin kamfani, wanda yawanci ke neman ƙididdiga. A ƙaramar kwaleji wani kwas ɗin sau ɗaya ake koyar da shi a shekara, malami ɗaya, kujeru ƙalilan. Idan ya wuce ta, sai baɗi. Don haka ta ɗauki tattalin arziki na farko da lissafi ko ƙididdiga tun shekarar farko, akanta kuma kada ta bari ta wuce zangon farko na shekara ta biyu. Ta zauna da malamin da ke ba ta shawara su rubuta zango takwas ɗin a takarda ɗaya, musamman idan tana son zuwa karatun zango guda a wata ƙasa a shekara ta uku. Akwai wani dalilin gaggawar: manyan bankuna kan fara tantance masu neman horon aiki na hutun bazara tun ɗalibi yana shekara ta biyu, kuma sakamakon waɗannan kwasa-kwasai suke dubawa.

Tambaya: Ina son zama ƙwararren akanta a Amurka. Digirin irin wannan kwaleji ya wadatar? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗanmu, a nan sai ka yi hattara. Lasisin CPA, wato shaidar zama ƙwararren akanta, jiha ce ke bayar da shi, kuma jihohi sun daɗe suna neman kiredit 150, wato ƙarin 30 a kan digiri, ko da yake da yawansu sun buɗe wata hanyar da ke karɓar ƙarin lokacin aiki a madadin ƙarin kiredit ɗin. Kowace jiha kuma tana ƙayyade adadin darussan akanta zalla, irin su binciken kuɗi da haraji, waɗanda kwaleji mai kwas biyu ko uku na akanta ba za ta iya cika maka ba. Ka duba sharuɗɗan hukumar akantoci ta jihar da kake son aiki, ka gwada su da kundin kwalejin kafin ka biya kuɗin riƙe gurbi. In akwai giɓi, digiri na biyu na shekara ɗaya a fannin akanta ne ke cike shi, sai ka sa kuɗinsa cikin lissafi tun yanzu.