A shago zan sayi kyamara ko onlayin?

Tambaya: Salam Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki ne a nan Kano, na daɗe ina hayar kyamara, yanzu na tara 'yan kuɗina ina so in mallaki tawa, Canon 6D ko 5D Mark III ta hannu. Na ga wasu a Jiji da Instagram sun fi na shago sauƙi sosai, amma wallahi tsoro nake ji kar a yi min sakiyar da ba ruwa, don kuɗin nan su kenan gare ni. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, tsoronka yana kan hanya. Bodi ta hannu dai, wato gangar jikin kyamarar ba tare da lens ba, kar ka tura wa kowa ko sisi sai ka riƙe ta a hannunka. Ko a Jiji ka gani, in mutumin yana Kano ku haɗu a shagon wanda ka sani, in kuma ya ce yana Legas ka tura rabi zai saka maka a mota, ka yi masa fatan alheri kawai. Sauƙin da kake gani a eBay ko Amazon shi ma ka zauna ka lissafa canjin dala da kuɗin jirgi da na kwastam tukunna, kuma warantin Canon na Amurka ba zai yi maka aiki a nan ba. Ɗan ƙarin da mai shago a Beirut Road ko Sabon Gari ya ɗora maka, kuɗin fuskar da za ka koma wa ne gobe in abu ya ƙi. Amma a rubuta maka rasit da siriyal lamba da kwanakin gwaji, "ai mun saba" ba ta dawo da kuɗi.

Ka tafi da laftof ɗinka, don Canon ba ta saka shota kaunt, wato adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, a cikin hoto kamar Nikon, sai an jona ta da kwamfuta. Kyamarorin biyu duk 2012 suka fito, an ƙiyasta wa 6D ɗauka 100,000, 5D Mark III kuma 150,000. Sai dai kar ƙaramin kaunt ya ruɗe ka, bidiyo ba ya cinye kaunt, kuma garin nan garin 'yan fim ne, kyamara za ta sha lokeshan shekara da shekaru ana ce maka landan yus. Ka sa f/16, wato ka tsuke ƙofar hasken lens, ka ɗauki farin bango ka ga ƙurar da hunturu ya bari a sensa, wurin da hoto yake sauka a cikin kyamara, lens kuma ka haska shi da tocilan waya, in ka ga zare-zare kamar yanar gizo fungas ne, ajiye musu kayansu.

To amma abin da yake ƙona min rai ba ma kyamarar ba ce. Mutum zai yi sati yana bincike a kan bodi, ya zube maƙudan kuɗi, sai ya tsaya a bakin titi ko ya shiga AliExpress ya sayi katin memori mafi arha wai ai memori memori ne. Wallahi ba haka ba ne! Jabun SanDisk sun cika kasuwa, a shago da onlayin duka, har kwalin da tambarin sak. Abin da suke yi, a ɗauki kati mai 8GB ko 16GB a gyara masa kai ya riƙa cewa shi 128GB ne. Kyamara za ta yarda, kwamfuta ma za ta yarda. Kana wajen kamu kana ɗauka, hoto yana fitowa a sikirin daga kowane latsi kana ganin komai lafiya, alhali tun da ainihin wurin ya cika sababbin ko dai suna hawa kan tsofaffin ne ko suna tafiya a iska. Sai ka dawo gida da daddare ka jona, ga sunayen fayil nan reras, ka danna ya ƙi buɗewa.

Daga nan sai 'yan ga-ni-na-iya su shigo, wannan ya ce bairos ne, wancan ya ce kawo in yi maka rikoba ka ba da wani abu. Me zai dawo da shi, abin da tun farko bai zauna a katin ba? Ya karɓe kuɗinka ya ba ka hotunan farko-farko da dama can suna nan. Kai kuma ka je ka fuskanci uwar amarya ka ce mata Hajiya a yi haƙuri, sa lalle da kamu da dina duk sun tafi, kamar za a sake taron saboda kai. A unguwa magana ba ta kwana, kafin sati sunanka ya zaga duk guruf ɗin matan dangi.

Kuma maganin bai fi aikin yamma ɗaya ba. Akwai wata manhaja H2testw, kyauta ce a Windows, tana cika katin gaba ɗaya ta sake karantawa ta gaya maka gaskiyar girmansa. Duk sabon kati ka yi masa wannan kafin ya ga biki, ko a wajen ƙaninka ka saya. Mai shagon da ya ƙi yarda ka gwada ka dawo da shi in ya faɗi, ka bar masa. In kana taɓa bidiyo ka nemi kati mai alamar V30, alamar saurin rubutu ce. Batirin kyamarorin nan, LP-E6, ma ana jabunsa, in ka ga ya fara kumbura yana maƙalewa a gidansa ka jefar.

Saboda matsalar katin nan ne ma ni da zan zaɓar maka zan ce 5D Mark III, tana da gidan kati biyu, CF da SD, ka saita ta ta riƙa rubutawa a duka biyun lokaci ɗaya. 6D gida ɗaya gare ta. Jaka, tirayifod da su sofbos na tausasa haske kuwa ka yi odarsu duk inda ka ga sauƙi, ba su da wata illa.