Mai gyaran ƙafa ya ba Baba kafso ba takardar likita, dokar Ingila ta yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. A Bamingham muke zaune. Babana ya daɗe da ciwon suga. Makon jiya babban yatsansa ya kumbura yana tsatsar ruwa, na kai shi wurin wani mai gyaran ƙafa. Ya wanke ya ɗaure, sai kawai ya ja durowa ya miƙo mana kwalin flucloxacillin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba takardar likita ba komai. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. A ƙasar da ko kafso ɗaya ba a sayar maka sai da takarda, wannan ba karya doka ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ya danganta da wanda ya ja durowar. Dokar magunguna ta Birtaniya ta 2012 ta keɓe wa likitocin ƙafa masu rajista da HCPC, hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan ma'aikatan lafiya, wasu magunguna da za su iya bayarwa hannu da hannu, kuma flucloxacillin na ciki, tare da amoxicillin da erythromycin da wasu na rage zafi. Amma rajista kaɗai ba ta isa ba. Ki shiga shafin hukumar ki rubuta sunansa. In kin ga POM-S a gefen sunan, yana da izinin bayarwa. POM-A kuwa izinin allura ne, kamar lidocaine da muke kashe yatsa da ita kafin cire farce. Daga 2013 akwai waɗanda suka ƙara karatu har suna rubuta takardar magani da kansu.

Ki kula da abin da aka rubuta a ƙofar shagon. Kalmomin podiatrist da chiropodist, wato likitan ƙafa, doka ta kare su, laifi ne marar rajista ya kira kansa da su. Mai kiran kansa foot health practitioner ba ya ƙarƙashin wannan hukuma. Ya yanke farce, ya kankare kanta, iyakarsa ke nan. In irinsa ne ya ba ku kafso, ki kai ƙara.

To amma ni ba kwalin ne ya ɗaga min hankali a wasiƙarki ba. Mako guda kina tunanin doka, ba ki gaya min yadda yatsan yake yau ba! Wannan ne abin da nake fama da mutanenmu a kai kullum: da zarar an haɗiyi kafso, sai a ɗauka an gama da gyambo. Ba haka ƙafar mai suga take ba. Jijiyoyinta sun yi sanyi, jini ba ya isa yatsu yadda ya kamata, maganin da aka sha ma da ƙyar yake kaiwa inda ake buƙatarsa. Sai dattijo ya ce miki ai ya daina ciwo, alhali da ma ba jin ciwon yake ba. Na sha kwance bandeji in tarar da ƙofar ciwon ba ta fi ƙwayar gero ba, in zura ƙarfen gwaji ya wuce har ya taɓa ƙashi, mai ƙafar yana ta ba ni labarin jikokinsa. In na tambaya, sai a fito min da ledar kafso da wani ya taho da ita daga gida, an sha kala uku a wata biyu, an shafa man zafi, wani ma har ɗan'uwa ya sa reza ya kankare masa gefen. Gyambon suga yana son a cire mataccen nama, a ɗauke masa nauyin taku da takalmi na musamman, a auna gudun jini, a daidaita sugan. Kafso ɗaya ne cikin waɗannan, ba ma shi ne babba ba.

Ƙa'idar hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ita ce duk mai suga da ya samu ciwo a ƙafa a tura shi ga tawagar kula da ƙafa cikin ranar aiki ɗaya. Mutumin nan ya tura ku? Ya tambaya ko jikin Baba na karɓar fenisilin, tunda flucloxacillin danginsa ne? In bai yi ba, ko da izininsa cikakke ne, ya yi sakaci.

Ki buɗe bandejin yau. In akwai wari, ko jan ya haura sama, ko yatsan ya fara baƙi, ko Baba na zazzaɓi, ku wuce sashen gaggawa yanzu. In babu, ki kira asibitin unguwarku da sassafe, ki ce mai suga ne da gyambo a ƙafa, kuma ki tafi da kwalin maganin.